Ƙwayoyin da ke cin ƙwayoyin cuta, daga ƙasar gona zuwa hanjin jariri

Masu zuwa awon ciki sun saba jin muna cewa a wanke hannu, a tafasa ruwa, saboda ƙwayoyin cuta. Haka ne. Sai dai su kansu ƙwayoyin bakteriya suna da masu farautarsu, wato wasu ƙananan bairos da ba sa kama ɗan Adam, bakteriya kawai suke kamawa. Ana kiransu bakteriyofaj, ma'ana maciya bakteriya, ko faj a taƙaice. Frederick Twort ne ya fara lura da su a Ingila a 1915, sannan Félix d'Hérelle ya raɗa musu suna a Faransa a 1917.

Ƙasar gona cike take da su. A cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai danshi akwai miliyoyin bakteriya da miliyoyin faj. Kowane faj yana da irin bakteriyar da yake kamawa. Yakan manne mata, ya shiga, ya hayayyafa a ciki har ta fashe, 'ya'yansa su fito su nemi wata. Idan wani nau'in bakteriya ya yi yawa yana neman mamaye wuri, faj ɗinsa ya sami abinci ke nan, sai ya rage shi, sauran su sami sararin rayuwa. Wadda ta fashe kuwa ta zama abinci ga sauran ƙwayoyin da ke cikin ƙasar.

To, uwargida, irin wannan aikin ne ke gudana a hanjin jaririnki. Wani bincike da Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta wallafa a 2020, wanda ya haɗa da jariran Botswana, ya nuna cewa a kashin farko na jariri da wuya a ga bairos. Kafin wata ɗaya, bakteriya sun zauna a hanji tare da faj ɗinsu. Wajen wata huɗu sai bairos masu kama ɗan Adam su fara bayyana, har da irin masu kawo gudawa, kuma sun fi ƙaranci a jariran da ke shan nonon uwa. A Danmak kuma, a 2023, an duba kashin yara 647 'yan shekara ɗaya, aka sami nau'in bairos kusan 10,000, mafi yawansu faj ne.

Shi ya sa muke nacewa kada a zubar da dakashi, a kuma ba da nono zalla har wata shida. Shi ya sa kuma ba ma jin daɗi idan maigida ya biya kemis ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta don jariri yana mura. Mura yawanci bairos ne ke kawo ta, maganin ba ya taɓa ta, amma zai kashe bakteriya masu amfani a hanji, ya dagula zaman da aka fara kafawa. Idan likita ne ya rubuta, a ba da shi yadda ya ce.

Kada kuma wata mai kwaɗayin farar ƙasa ta ce ta sami hujja. Ƙasar da ke ɗauke da faj tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, kuma cin ta na hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Mai jin wannan kwaɗayin ta faɗa mana ranar awo, a gwada jininta.