Karen Garke Da Ɗanyen Kayan Ciki: Lada Ya Fi Sanda

'Yan'uwa fataken shanu, duk wanda ya taɓa koro dabbobi daga Cadi zuwa Mubi, ko daga Damagaram zuwa Maigatari, ya san amfanin kare a zango. Amma fa kare mai kwaɗayi hasara ne. In ya ci ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa a bayan kwata, tsutsa takan girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, shanunmu su kwashe a ciyawa. Ƙarshenta malamin dabbobi ya zubar da kayan ciki, mahauci ya rage mana kuɗi. Mutum ma yakan kamu.

Duka ba ya raba kare da sata, sai dai ya koya masa jiran mu juya baya. Ga yadda za mu yi. A dunƙule ƙuli-ƙuli a hannu, a miƙa masa. Zai shinshina, ya lasa, kada a buɗe. Da zarar ya ja baya, a ba shi wani daga ɗaya hannun. In ya gane, a riƙa cewa "bari" kafin miƙawa. Daga nan a ajiye a ƙasa a rufe da takalmi, sannan a gwada da dafaffen nama. Minti 5 safe da yamma ya isa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara tun yana kwikwiyo, mu kuma binne duk kayan cikin da aka zubar.