Bayani a Kan Ƙwallon Golf, da Tace Gaskiya Daga Ƙanzon Kurege

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar hutawa ta filin golf da la'asar sakaliya, lokacin da 'yan wasa suka dawo da gumi suna lissafin bugun da suka yi da wanda suka ɓoye, ya san cewa babu mas'alar da ta kai ta ƙwallo yawan ruwayoyi, kuma galibinsu da za a bi isnadinsu, ba za su wuce "an ce" da "wai" ba. Wannan ya ji daga bakin yaron da ke ɗaukar masa jaka, wancan ya ji daga mai kanti, shi kuwa mai kanti, Allah ya ba mu alheri, abin da ya fi tsada a cikin hajarsa shi ne ya fi inganci a cikin fatawarsa. Saboda haka na ga ya kyautu a zauna a yi wa waɗannan zantuka tankaɗe da rairaya, domin ɗan koyo da mai wasan sha'awa, wanda ba da sandar yake ciyar da iyalinsa ba, ya san inda zai sa kuɗinsa.

Ruwayar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce wai ƙwallo mai tsada ya fi mai araha nisan zango, har wanda ya saye shi zai wayi gari yana wuce sa'o'insa da yadi talatin. Kafin a yanke mata hukunci sai a san cewa wannan wasa, wanda 'yan jaridarmu ke kira ƙwallon lambu, yana da hukumomi biyu masu tsara masa doka, wato R&A da ke garin St Andrews a ƙasar Sikotlan, da USGA ta Amurka, kuma sun yi ittifaƙi a kan cewa nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, kaurinsa kada ya gaza milimita 42.67, sa'an nan idan na'urar gwaji ta buge shi da saurin mil 120 a sa'a, kada tafiyarsa ta zarce yadi 317, in ban da rangwamen yadi 3. To, da yake kowane kamfani yana so ya kai bakin wannan iyaka ba tare da ya ƙetare ta ba, sai ya zamana mai tsadan da mai arahan duk sun taru a gindin katanga guda, kuma idan ɗan koyo ya buge su da babbar sandar dogon zango, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wadda ke tsakanin bugunsa na farko da na biyu ba. Wannan ruwaya dai ba ta da tushe.

Amma fa kada a ɗauka cewa kishiyarta, wato masu cewa ƙwallo ƙwallo ne, sunan kamfani kawai ake saye, ita ce sahihiya, domin ita ma rabin gaskiya ce. Idan aka tsaga ƙwallon zamani za a tarar da shi hawa-hawa kamar goruba. Mai araha hawa biyu ne kurum, ƙodagon roba babba a ciki, da ɓawo mai tauri na wani sinadari da ake kira Surlyn, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1960. Mai tsada kuwa hawa uku ne, ko huɗu, ko biyar, kuma ɓawonsa na yuretan ne, siriri mai laushi, wanda idan gajeriyar sanda mai kwantaccen baki ta same shi, tsagogin da ke fuskarta sukan kama shi su murza, ya tashi yana juyawa da baya kamar katantanwa, ya faɗi kusa da rami ya tsaya cik, wani lokaci ma ya ja da baya. Abin da kuɗin ke saye ke nan. A da can gwanaye suna fama da zaɓi tsakanin ƙwallon da ke tafiya nesa amma ba ya jin birki, da mai ɓawon wani roba da ake kira balata, wanda ke jin birki amma bugu ɗaya na kuskure ya isa ya tsaga shi. Sai a watan Oktoba na 2000, a wata gasa a birnin Las Vegas, kamfanin Titleist ya kawo ƙwallon Pro V1, wanda ya haɗa nisa da birki, 'yan wasa 47 suka ɗauke shi a makon nan, ɗaya daga cikinsu, Billy Andrade, ya cinye gasar, kuma tun daga lokacin tsohon ƙwallon da ake naɗa wa zaren roba a ciki ya kama hanyar gushewa.

Sai dai a nan ne ya kamata mai hankali ya yi wa kansa hisabi, ya tambayi zuciyarsa tsakani da Allah, sau nawa a cikin ramuka goma sha takwas bakin sandarsa ke samun ƙwallo kafin ya sami ƙasa, domin wannan juyi da ake ta yabo ba ya samuwa sai da bugu mai tsabta, kuma wanda ke sarar ƙasa kamar mai kaftu, ko yake shafar ƙeyar ƙwallo ya tafi yana birgima, ɓawon yuretan ba zai yi masa ceto ba. Na sha ganin mutum ya fito da sabon ƙwallo daga kwali, ya tsaya a gaban kududdufi, sai tunanin abin da ya biya ya riƙe masa kafaɗu, ya yi bugun tsoro, ƙwallo ya faɗa ruwa tsundum. Alhali da tsohon ƙwallo ne wanda ba ya jin ciwon rasa shi, da ya saki jiki ya haye. Wanda ke ɓatar da uku ko huɗu a kowane zagaye, a ganina, mai hawa biyu ne daidai da shi, har ranar da ƙwallo ɗaya zai kai shi tun daga ramin farko zuwa na ƙarshe.

Akwai kuma wani abu da littattafan Turai ba su cika kula da shi ba, amma ya shafe mu. Filaye da dama a ƙasar nan, musamman a Arewa, dandalin raminsu yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai aka daddaɓe, maimakon korar ciyawa, kuma da rani, sa'ad da hunturu ya busar da kome, ƙasar tsakiyar fili takan koma kamar daɓe, ga tsakuwa, ga marmara. A irin wannan wuri ƙwallo yakan faɗa yashi ya lafa ko da juyi ko babu, mafi yawan 'yan wasa kuma gangaro shi suke yi ta ƙasa. Ɓawo mai laushi kuwa kafin a kai rami na tara ya kurje. Wanda ke wasa a shimfiɗaɗɗiyar ciyawa irin ta filin IBB da ke Abuja yana da hujjar neman juyi, amma wanda ke wasa a kan yashi ya biya kuɗin doki ne alhali a kwalekwale zai yi tafiyar.

Ruwaya ta gaba ta fi waɗannan kama da ilmi, shi ya sa ta fi su wuyar tumɓukewa. Masu ita suna cewa kowane ƙwallo yana da ma'aunin taurinsa, wanda ke kamawa daga wajen 30 zuwa sama da 100, kuma wai dattijo, ko mace, ko duk mai sanyin hannu, ba zai iya matse mai tauri ba, don haka wajibi ne ya nemi mai laushi in yana son nisa. Ma'aunin gaskiya ne. Hukuncin da aka gina a kansa ne ke da rauni, domin haɗuwar sanda da ƙwallo, wadda ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, tana da ƙarfin da ko mai sanyin hannu yakan lotsa ƙodagon. Haƙiƙanin al'amari ma shi ne, ga mai ƙarfin bugu, ƙwallo mai laushi yakan ɗan rage saurin tashi, ga mai rauni kuwa bambancin 'yan yaduka ne da ba za su canja sandar da zai ɗauka a bugu na biyu ba. Abin da laushi ke bayarwa shi ne daɗin hannu da taushin ƙara a kunne, kuma wannan ba abin rainawa ba ne, gama wanda ya ji daɗin bugu yakan natsu. Amma a kira shi da sunansa, sha'awa ce, ba lalura ba.

Game da 'yan ramukan nan da suka rufe jikin ƙwallo kamar zanzana, wasu na ƙirga su suna cewa mai yawa ya fi tashi. Asalinsu abin mamaki ne. A da can ƙwallon Sikotlan fata ce da ake ɗinkewa a cusa mata dafaffen gashin dinya, har wajen 1848 da aka fara yin sa da gutta-percha, ƙaron wata itaciya ta ƙasar Malaya. Sabon ƙwallon sumul yake, sai 'yan wasa suka lura cewa wanda ya sha sara ya kukkurje ya fi sabo fil tafiya da miƙewa, har masu sana'ar suka shiga sassara shi da guduma tun kafin su sayar. Wani shaihin malami na jami'ar Edinburgh, Peter Guthrie Tait, ya yi nazarin yadda juyi ke ɗaga ƙwallo a cikin iska a shekarun 1890, kana a 1905 wani injiniya Bature mai suna William Taylor ya yi rajistar fasahar ramukan. Hikimar ita ce, suna hargitsa siririyar iskar da ke manne da jikin ƙwallo, sai ta daɗe tana biye da shi kafin ta rabu, jan da ke bayansa ya ragu. Ƙwallo mai santsi da ƙyar zai yi rabin tafiyar mai ramuka. Amma adadinsu, wanda galibi ke tsakanin 300 da 500, ba shi ne mizani ba, zurfinsu da fasalinsu da yadda aka jera su ne abin lura, kuma wannan aikin injiniyoyi ne, ba abin da mai saye zai gane da ƙirga a kanti ba.

Wanda ƙwallonsa ke karkacewa dama kullum kamar lauje, shi ne ya fi kowa saurin gaskata mai cewa akwai ƙwallon da ke warkar da wannan cuta. An taɓa yin sa kuwa. A shekarun 1970 aka fito da wani mai suna Polara, wanda ramukansa suka fi zurfi a ɗamararsa fiye da sauran jikinsa, yana gyara kansa a sama. Hukumar Amurka ta ƙi amincewa da shi, ta kafa sharaɗin cewa dole ƙwallo ya zama bai ɗaya ta kowace fuska, har maganar ta kai gaban alƙali. Halattaccen ƙwallo mai ƙarancin juyi yana iya rage karkatar kaɗan, amma illar tana ga fuskar sanda da ke isowa a buɗe, kuma kuɗin dozin biyu da za a ba malamin wasa ya gyara riƙo sun fi amfani.

Su kuwa ƙwallayen da yara ke tsamowa daga ruwa da ciyayi suna sayarwa a bakin fili, hukuncinsu na buƙatar tafsili. Wanda ya faɗa ruwa aka ciro shi a ranar babu abin da ya same shi. Wanda ya kwana watanni a ƙasan tafki, ruwa yakan ratsa ɓawo ya kai ga ƙodago ya rage masa kuzari, kuma ido ba ya gane wannan. Mafi hatsari su ne waɗanda aka kankare aka sake wa fenti da tambari, domin fenti na cike ramuka, kuma ba ka da tabbacin abin da ke ƙarƙashin sunan. Waɗanda kamfani da kansa ya soke sunansu da alamar X saboda ɗan aibin fenti, su lafiyarsu ƙalau, kuma doka ta yarda a yi wasa da su, sai fa a gasar da aka shardanta amfani da jerin ƙwallayen da hukuma ta tantance.

Sauran ƙananan zantuka ba sa buƙatar dogon bahasi. Launi ba ya rage kome: a 1982 Jerry Pate ya ci gasar Players da ƙwallo ruwan lemo, Wayne Levi kuma ya ci ta Hawaii da rawaya, ga shi kuma rawaya ya fi saurin ganuwa cikin hazo, abin da ke da muhimmanci tun da aka rage lokacin neman ɓataccen ƙwallo daga minti biyar zuwa uku a 2019. Lambar da ke jiki, 1 ko 4, don shaida ce kawai. Cewa sanyi na rage tafiya gaskiya ne, amma ɗumama ƙwallo da gangan ana cikin wasa haramun ne a doka. Cewa kuma ƙwallo ya fi nisa a filin Rayfield na Jos, wanda aka kafa a 1913 zamanin Turawan kuza, shi ma gaskiya ne, sai dai falalar ta tsaunin ce, mai tsayin wajen mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi, ko da wane irin ƙwallo aka buga.

Na ji kuma ana raɗe-raɗin wai za a haramta ƙwallayen da ke hannun mutane, har wasu na shirin tara kwalaye. Abin da ya tabbata shi ne, a watan Disamba na 2023 hukumomin nan biyu sun ba da sanarwar ɗaga saurin gwaji zuwa mil 125 a sa'a, suka kintata cewa manyan masu dogon bugu za su rasa yadi 13 zuwa 15, mai wasan sha'awa kuwa yadi 5 ko ƙasa da haka, kuma sanarwar ta bar masa tsohon ƙwallonsa har zuwa 2030.

Wanda ya ƙudura niyyar zaɓe, to, ya fara daga bakin rami ya yo baya, kada ya fara daga inda ake dogon bugu. Ya sayi 'yan ƙananan kwalaye masu uku-uku iri biyu ko uku, ya tafi gefen dandali a filin da ya saba wasa, ya gangara su, ya ɗaga su daga yadi ashirin, daga hamsin, ya dubi wanda ke tsayawa inda ransa ya raya masa. Idan ya same shi, kuma aljihunsa na iya ɗaukar asararsa, sai ya lazimce shi shekara guda cur, domin hannu ba ya koyon awo matuƙar yau ana ba shi mai tauri, gobe mai laushi, jibi wanda aka tsinto a gindin kuka. Sa'an nan ya sami alƙalami ya yi masa ɗigo biyu ko harafin sunansa, saboda irin da ya zaɓa akwai wasu goma a filin da suka zaɓe shi, kuma buga ƙwallon wani tararsa bugu biyu ce.