Bayani A Kan Taliya Mai Miyar Tumatir Da Kirim

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halitta abinci ya sanya masa ma'auni, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan bayani ne a kan wani abinci na mutanen Italiya wanda fatake ke tararwa a masaukan ƙasashen waje da gidajen abinci na manyan birane, watau taliya wadda aka haɗa da miyar tumatir da kirim. Kirim kuwa shi ne maiƙon da ke tasowa a saman madara, wanda idan aka kaɗa shi ya zama man shanu.

Asalin tumatir daga Kudancin Amurka yake. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai, wani masanin tsirrai na Italiya mai suna Mattioli ya siffanta shi a 1544. Amma haɗa shi da taliya bai bayyana cikin littattafan girkinsu ba sai bayan shekaru masu yawa. Zuba kirim kuwa baƙon abu ne, bai yaɗu ba sai wajen shekarun 1970 da 1980.

To, abu uku ke cikin akushin nan, kowane da hukuncinsa. Na fari taliya, wadda ake yi da alkama mai tauri. Busasshiyarta giram 100 tana ɗauke da kalori wajen 350, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Mafi yawanta sitaci ne, da abin gina jiki wajen giram 12. Idan aka tsame ta da sauran ƙarfinta, ba ta luguiguice ba, sukarinta yakan shiga jini a hankali fiye da na farin burodi.

Na biyu tumatir, shi ne alherin abincin. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne, giram 100 bai kai kalori 20 ba. Jan launinsa daga wani sinadari ne da ake kira laikofin, wanda jiki ya fi iya sha idan an dafa tumatirin da ɗan mai, ko da yake wuta tana rage bitamin C da ke cikinsa.

Na uku kirim, nan ne wurin lura. Mai kauri daga cikinsa fiye da sulusinsa kitse ne, giram 100 nasa yana da kalori wajen 340, watau daidai yake da busasshiyar taliyar kanta a awo. Galibin kitsen nan irin mai daskarewa ne, wanda yawansa ke ƙara mugun kitse cikin jini har hanyoyin jinin su ƙuntata, daga nan sai ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada irin wannan kitse ya wuce ushurin ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, kada kuma gishiri ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali guda. Alhali kuwa cuku da ɗanɗanon miya da ake barbaɗawa duk gishiri ne a ɓoye, shi ne kuwa abokin hawan jini.

Mutanen Italiya sukan auna giram 80 zuwa 100 ga mutum ɗaya, sa'an nan su bi da ganye ko kifi. Wanda ya cika akushi ninki biyu, kana ya wuni a kan buzu yana ba da karatu ko a rumfa yana jiran ciniki, lalle ya ɗora wa jikinsa kayan da ba shi da inda zai sauke. Manomi da ɗan dako sukan ƙone abin da suka ci, mai zama kuwa sai ya tara. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ne suka fi cancanta da taka tsantsan.

Gyaran abin mai sauƙi ne. A yawaita tumatir da albasa da tafarnuwa, a rage kirim zuwa cokali biyu, ko a musanya shi da kindirmo bayan an sauke tukunya domin kada ya tsinke. A ƙara alayyafo ko zogale, da kaza ko wake. Abin da ya saura kada ya wuce awa 2 a waje, domin abinci mai madara yana saurin lalacewa cikin zafi.

Har ila yau akwai abin da ya shafi addini. Wani nau'in wannan abinci, mai suna penne alla vodka, da giya ake dafa shi, wasu kuma sukan soya naman alade a cikin miyar, launinsa kuwa bai bambanta da na halal ba. Saboda haka ya wajaba matafiyi ya tambayi abin da aka zuba kafin ya sa hannu, tambaya ba ta rage girman kowa.

Jiki amana ne, mai hankali kuwa yakan auna abin da zai ci kamar yadda yake auna hajarsa. Allah ya ba da lafiya mai amfani, ya ciyar da bayinsa daga halal. Amin.