Masu Zagayen Gonakin Inabi a Ostireliya, Ku Kula da Takalmanku

Daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke kamawa a kudancin Ostireliya inabi kuma ya fara nuna, hanyoyin karkara cika suke yi da motocin 'yan yawon buɗe ido. Mutum zai tashi daga Melbon ya yini a kwarin Yara yana bin gidajen matsar inabi ɗaya bayan ɗaya, ana zuba masa giyar kaɗan-kaɗan a kofi yana ɗanɗanawa. Bayan kwana biyu sai ya kama hanyar Adeled, tafiyar sama da kilomita 700, daga nan ya ƙarasa Barosa. Wannan tafiyar ce ke ba ni tsoro. Tun shekarar 2006 aka gano ƙwaron filoksera a kwarin Yara, alhali ba a taɓa ganinsa a Barosa ba, ko ma a duk faɗin jihar Ostireliya ta Kudu. 'Yar ƙasar da ta maƙale a tafin takalminka ta isa ta kai shi can.

Ƙwaron ɗan mitsitsi ne, ruwan ɗorawa, tsawonsa bai wuce milimita ɗaya ba. Yawanci a cikin ƙasa yake zaune yana tsotsar saiwar inabi. Inda ya huda sai wurin ya kumbura, ruɓa ta shiga, saiwar ta daina jan ruwa. A sama manomi ba ya ganin komai da farko. Sai bayan shekara biyu ko uku zai lura wasu kurangu a tsakiyar gona sun yi rawaya tun lokaci bai yi ba, rassansu sun tsumbure, kuma kowace shekara da'irar tana ƙara faɗi. Kafin ya gane, ƙwaron ya riga ya bi tarakta da kwandunan girbi ya shiga gonar maƙwabci. Macen ba ta bukatar namiji kafin ta yi ƙwai, don haka guda ɗaya tak ta isa ta kafa zuriya. Da zafi ne kuma 'ya'yan ke fitowa daga ƙasa suna rarrafe a kan ciyawa da ganye, daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. Hukumar Vinehealth Australia, wadda ke tsaron gonakin Ostireliya ta Kudu, ta ce ƙwaron kan rayu har kwana 29 ba tare da abinci ba. Ke nan takalmin da ka jefa a but ɗin mota makonni uku da suka wuce yana iya kasancewa ɗauke da shi da rai.

Faransa ta riga ta ga abin da zai iya yi. Asalinsa daga gabashin Amurka ta Arewa ne, inda inabin daji ya saba da shi. Ya bi dashen da aka shigo da su Turai, aka fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa wajen 1863, kuma sai a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon da abokan aikinsa suka tono saiwa suka gan shi da idonsu. Manoma sun gwada duk abin da ya zo musu a rai. Wasu sun malale gonakinsu da ruwa, wasu sun ɗura guba a ƙasa, har da masu binne kwaɗo a gindin kuranga. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000 ga wanda ya samo magani, ba a taɓa biyan kowa ba. Tsakanin 1875 da 1889 giyar da Faransa ke samarwa ta faɗi zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku, ƙauyuka suka watse, iyalai suka yi ƙaura zuwa Aljeriya da wasu ƙasashe. Har yau babu feshin da ke kawar da shi daga gona. Mafita ɗaya ce aka samu: a tuge komai, a sake dasa inabin da aka yi wa aure a kan saiwar inabin Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro, sannan a jira shekaru kafin a ga girbi.

A Ostireliya an fara ganinsa a Jilon, jihar Biktoriya, a 1877. Ganin haka ne Ostireliya ta Kudu ta kafa doka a kansa tun 1899, kuma dokar ta yi aiki. Shi ya sa yau a Barosa akwai kurangun da aka dasa a 1843 a gonar Langmeil, suna tsaye a kan saiwarsu ta asali, suna ba da 'ya'ya. Irinsu sun yi ƙaranci a duniya. Sai dai wannan abin alfaharin shi ne kuma rauninsu, domin mafi yawan inabin jihar ba a yi masa aure ba, ba shi da wata kariya. In ƙwaron ya shiga, kuranga mai shekara 180 ba ta da madadi.

Ina son wanda ba ya shan giya ya saurare ni da kyau, don shi ne zai ce abin bai shafe shi ba. Ɗalibai da ma'aikata da yawa suna bin abokansu irin wannan tafiya don ganin gari, kuma sau da yawa wanda ba ya sha shi ake ba tuƙi. Yayin da sauran ke ciki suna ɗanɗane, shi ne ke fita waje ya rage lokaci. Ya ga layukan inabi kore shar sun miƙe har gindin tudu, ya tsallake igiya, ya shiga tsakiya ya ɗauki hoto, wataƙila ya shimfiɗa darduma a inuwa ya yi azahar. Bai yi nufin cutar da kowa ba, amma takalminsa da dardumarsa da ƙafar wandonsa duk sun taɓa ƙasar. Kuma ƙwaron bai san giya ba. Kurangar da ake matsa da wadda ke ba da inabin ci da zabibin da muke saya a kasuwa duk jinsi ɗaya ne, duk yana kashe su. Yankin Mildura, wanda ya shahara da zabibi da inabin ci, yana cikin wuraren da ake karewa. Duk wanda ya ga yadda tsutsar sharon, baƙuwa daga Amurka ta Kudu, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ya san halin da manomi ke shiga.

Abin da ake nema a gare ka ba shi da wahala. Kada ka shiga tsakanin layukan inabi sai mai gona ya ce ka shiga. Tsaya a kan titi ko dandamalin da aka tanadar wa baƙi, hoton daga can ma yana fita. Ajiye mota inda aka shimfiɗa kwalta ko tsakuwa, kada ka kai taya gefen kuranga, kuma ka riƙe yara da kare kusa da kai. In an tambaye ka gonakin da ka ziyarta cikin wata guda, ka faɗi gaskiya ko da kana ganin za a hana ka shiga. In an ajiye kwano mai ruwan bilic a bakin gona, ka fara goge laka da buroshi, sannan ka tsaya a ciki minti ɗaya cur, kada ka ɗauraye bayan ka fito. Tsoma ƙafa a cire nan take ba ya kashe shi.

Kada ka tsinki ganye ko reshe ko nonon inabi don tsaraba. Doka ta hana shigar da su Ostireliya ta Kudu, akwai kwandunan zubarwa a bakin iyaka, kuma a shingen Yamba ana tsayar da motoci ana bincike, ana cin tara.

In kuwa ka riga ka taka gona a Yara ko Rutaglen ko Nagambi, yankunan da ƙwaron ya riga ya shiga, to ka ɗaure takalman nan a leda, kada su taka wata gonar inabi a wannan tafiyar. Ka wanke tufafinka da ruwan zafi, ka kai motar wurin wanki a cikin gari a feshe tayoyi da ƙasanta, a kakkaɓe tabarmin ciki, kafin ka kama hanyar yamma.