Madarumfa: yadda ake fita daga ramin bashi ba tare da zuciya ta karye ba

A gundumar Madarumfa, lokacin kaka shi ne lokacin murna, kuma shi ne lokacin da masu bin bashi ke sallama a ƙofar gida. Magidanta da yawa sukan ga hatsinsu ya bar gona bai shiga rumbu ba. Amma a wannan jaha tamu ta Maraɗi aka ƙago wata dubarar tanadi da ta zagaye duniya, kuma akwai darasi a cikinta ga duk wanda bashi ya hana ma barci.

Wanda ya iso Madarumfa daga Maraɗi ya ga tabkin nan mai kaburburan waliyyai 99 a kewayensa, ya ga fadamun gulbi da gonakin rani na Jiratawa inda zogala ke kore ko a tsakiyar bazara, zai ce mutanen nan ba su san talauci ba. Sai ya zauna da su zai ji cewa abin da ya fi cin ran manomi shi ne bashin bara da ya biyo shi bana. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, sai dai wani nasa yana kwance lafiya, wani kuwa nasa murɗa yake dare da rana.

Yadda ramin yake zurfi

Lissafin ba shi da wuya. Rumbu yakan ƙare tun kafin damana ta yi nisa, daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfin noma, kuma daidai lokacin da hatsi ya fi tsada. Mu ɗauki misali: manomi ya karɓi buhu guda wajen ɗan kasuwa a watan Yuli, buhu yana jika 30. Da kaka kowa ya fito da nasa, buhu ya faɗo jika 15. Kafin ya biya, sai ya ba da buhu biyu. Buhun nan na biyu kuwa shi ne da zai ci da iyalinsa a Yuli mai zuwa, don haka tun ranar biyan ya san zai sake komawa ƙofar ɗan kasuwar. Wannan al'ada ta cin guda a biya biyu tsohuwa ce, ana ce mata falle, kuma Baturiyar nan Polly Hill ta bayyana ta a littafinta na 1972 kan ƙauyen Batagarawa, kusa da Katsina. In falle ya gagara, sai jinginar gona, kuma gonar da aka jingine ba kullum take komowa hannun mai ita ba.

Shekarar 2005 ta nuna iyakar abin. Bayan fari da farin dango na 2004, buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Abinci yana nan jibge a kasuwar Maraɗi, kuɗin sayensa ne babu. Gidaje sun sayar da bisashe, sun jingine gonaki, sun ci bashin da suka yi shekaru suna biya.

Iyaka ma ta ƙara nata. Rayuwar Madarumfa da Dan Isa a ɗaure take da Jibiya da Katsina. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa farkon 2024, kuma cire tallafin mai da aka yi can a Mayu 2023 ya sa esansin bakin hanya ya bar arahar da aka san shi da ita. Ga kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane a ƙauyukan bakin iyaka, waɗanda kuɗin fansarsu ya jefa dangi da yawa cikin bashin da ba su taɓa mafarki ba.

Ma'aikaci ma bai tsira ba

Kada mai karatu ya ɗauka ramin na manomi ne kaɗai. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran guda na Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Magani, taki, kayan lakwal, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, ga albashin ma'aikata yana yin watanni bai fito ba. Bankin BDRN kuwa ya riga ya rushe tun 1990, mutane suka daina yarda da ajiya a banki.

Ni kaina a cikin wannan na tashi. Mahaifina malamin lakwal ne, kuma na san littafin bashin mai kantin unguwarmu kafin in san littafin karatu, don ni ake aika da ƴar takarda in karɓo shinkafa da sabulu. Ranar da albashi ya fito, rabinsa a kantin yake kwana. Abin da ya fidda mu, kamar yadda na gane daga baya, shi ne wata rana da tsohon ya zauna ya rubuta duk wanda ke binsa a takarda guda, ya manna ta bayan ƙofar ɗakinsa. Duk wanda ya gama biya sai ya ja masa layi da jan biro. Shekara biyu takardar ta yi a wurin. Layi na farko ne ya fi daɗewa bai zo ba, kuma shi ne ya fi faranta masa rai.

Akwati mai makulli uku

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan aiki da matan ƙauyukan jahar Maraɗi, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norway, Moira Eknes. Sunan da aka ba shi ya zama sananne: Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da iyayenmu mata suka gada, sai dai an gyara shi. Mata kamar 20 zuwa 30 sukan haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kansa cikin akwati mai makulli uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, don kada a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai buƙata ta karɓi rance na ɗan lokaci ta maido da ɗan ƙari, kuma ƙarin ba ya tafiya aljihun wani baƙo, cikin akwatin yake komawa. Ƙarshen zagaye, sai a fasa a raba.

Mu gwada lissafi. Mata 25, kowace tana zuba dala 50 a mako, wato sefa 250. A mako 40 akwati ya tara jika 250, kowace tana da jika 10 tun ba a lissafa riba ba. Kuɗin ba su da yawa, amma sun isa sayen akuya, ko jarin ƙuli-ƙuli, ko biyan magani ba tare da an taɓa rumbu ba. Wannan tsari da aka haifa a nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna bin sa.

Me ya sa ya ɗore alhali manyan bankuna sun faɗi? Domin ya san halin ɗan Adam. Mutum shi kaɗai yakan yi niyyar tanadi da safe, ya warware ta da marece. Amma wadda ta san ƙawayenta 24 suna jiranta ranar taro, za ta nemo dala 50 ɗin ko ta halin ƙaƙa. Kunya da ke kai mutum ga bashin buki, ita ce a nan aka juya ta zama mai gadin akwati. Kuma kowane mako mace tana ganin kuɗin da idonta suna ƙaruwa. Da yayyafi kogi kan cika.

Maza ma an samo musu hanya. Daga ƙarshen shekarun 1990, wani shirin hukumar FAO ya yaɗa abin da ake kira warantaji a Nijar: manoma su ajiye amfaninsu a magaza mai makulli biyu, guda na ƙungiyarsu, guda na asusun da ya ba da rance. Su karɓi kuɗi da kaka su yi kiwo ko noman rani, su biya kafin damana, su ɗauki hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Falle ke nan aka kifar: tsadar bazara ta koma aljihun wanda ya noma.

Ina kuɗin suke zurarewa?

Biyan bashi yana buƙatar rarar kuɗi, rarar kuwa daga cefane da al'ada take fitowa. Saurayin da ke kashe dala 40 kullum a shayi da taba, ya kashe jika 6 a wata, jika 72 a shekara. A farashin misalinmu na kaka, kusan buhu biyar ke nan. Katin waya ma haka yake ci shiru-shiru. Magidancin da ya bar kututturan gonarsa suka tofo, kamar yadda manoman Maraɗi suka koma yi tun shekarun 1980, ya rage sayen itacen dahuwa, ya samu na sayarwa.

Babban rami dai shi ne buki. Suna, aure, kayan ɗaki, ragon layya: a nan ne mutumin kirki ke cin bashi don kada a ce. Ba mai cewa a bar zumunci, amma bukin da aka yi da kuɗin falle, baƙi sun watse da marece, mai gida ya kwana da shi shekara. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ke riƙe zuciya

Waɗanda suka fita daga ramin, hanyarsu kusan ɗaya ce. Da farko sun san adadin abin da ake binsu, don bashin da ba a ƙirga ba ya fi girma a cikin kai. Addini ma ya yi umurni da a rubuta bashi a kafa shaidu, a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Na biyu, sun fara da bashin da ke haihuwa ko wanda gona ke hannunsa, sa'an nan suka share ƙanana don su ga layi ya fara ja. Na uku, ba su yi wasan ɓuya da mai binsu ba: wanda ya zo da jika 2 da haƙuri ya fi wanda ya sake hanya don kada a gan shi. Na huɗu, sun gaya ma matansu gaskiya, domin mai riƙe da tiya ita ta san inda za a rage ba tare da yara sun kwana da yunwa ba.

Akwai shekarar da ruwa zai yanke, ko ciwo ya shigo gida, lissafin duka ya rushe. Wannan ba dalilin jefar da takarda ba ne, sai a sake zama da masu bashi a ja sabon wa'adi. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin magidanci: tsaron ƙauyuka, bankunan hatsi, magazai isassu, waɗannan hakki ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu gaji da tunatar da ita ba. Amma dala 50 ta mako, da takardar bayan ƙofa, da ragon da aka saya daidai ƙarfi, waɗannan suna hannunmu tun kakar bana. Allah ya raba mu da kwanan bashi, ya sa hatsinmu ya kwana a rumbunmu.