Makomar Mai Taɓin Hankali Bayan Sallama Bisa Sharaɗi

A ƙauyukan fadamar Hadejia, irin na ƙaramar hukumar Kirikasamma, da zarar an ji cewa mai taɓin hankalin da ya taɓa illata wani zai komo gida, tambayar da jama'a kan yi guda ce: shin ba zai ƙara ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma binciken kimiyya yana da amsa a kanta.

Bari mu fara da doka. Final Kod, wadda ta soma aiki a Arewa a 1960, ta nuna a sashe na 51 cewa babu laifi a kan wanda gushewar hankali ta hana shi sanin abin da yake aikatawa. Irin wannan mutum akan tsare shi ne domin magani, daga baya kuma ana iya damƙa shi ga ɗan uwan da ya tsaya masa. A Ingila, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ta tsara sallama bisa sharaɗi: majinyaci zai zauna inda aka ayyana masa, yana ganin likita da jami'in kula, in kuwa ciwon ya nuna alamar tashi sai a mayar da shi asibiti.

To, mene ne sakamako? A 2016 Farfesa Seena Fazel na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun tattara bincike daga ƙasashe da dama, suka gano cewa waɗanda aka sallama daga irin waɗannan asibitoci ba su kai fursunonin da aka saki yawan sake laifi ba. Amma komawa asibiti ta yawaita a cikinsu, haka ma mutuwa da wuri. Wani bincikensu na 2014 a ƙasar Suwidin ya nuna laifuffukan ta da hankali sun ragu da kashi 45 cikin 100 a lokutan da majinyata suke kan maganin ciwon.

Dalilin wannan yana cikin ƙwaƙwalwa. Magunguna irin su kulofuromazin, wanda aka fara amfani da shi a 1952, suna toshe mazaunin wani sinadari mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wato dofamin. Lafar da ciwon suke yi, ba tumɓuke shi ba. In an daina sha, ruɗani da jin muryoyi kan dawo bayan makonni ko watanni, musamman in an haɗa da tabar wiwi.

A nan ne matsalar yankinmu take. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure yana can yammacin Jigawa, na Dawanau kuma yana Kano. Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yanke hanyoyi kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, wanda maganinsa ya ƙare yakan yi makonni babu shi. Allurar wata-wata a asibitin kusa da gida, da tanadin magani kafin ruwa ya sauko, za su rage wannan haɗari ƙwarai.

Ba mu rasa abin koyi ba. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, suna zuwa asibiti da rana. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ita ma ta ƙarfafa kulawa cikin jama'a. Saboda haka, mai karatu, ɗan uwan da ya karɓi majinyaci ya riƙe abu uku: kada magani ya yanke, a lura da rashin barci da yawan zargi, a kuma garzaya asibiti tun kafin abu ya ɓaci.