Satar Ɓera ko Warin Daddawa?

Akwai maganar da ta ishe ni a bakin masu ƙera manhaja: wai duk kuskuren da ya fito a lissafi, mai amfani ne bai iya ba, ya koma ya karanta umarni. Wannan wanke kai ne kawai. In mutum ɗaya ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, a ce bai duba ba. In mutum dubu suka yi tuntuɓe a wuri guda, magini za a nemo.

Dubi abin da Excel ta yi wa masu binciken ƙwayoyin halitta. Akwai ƙwaya mai suna SEPT2, akwai MARCH1. Kana rubuta sunan sai ta mayar da shi kwanan wata, 2 ga Satumba ko 1 ga Maris, ba tare da ta tambaye ka ba. Wani bincike na 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da ke ɗauke da jadawalin sunayen ƙwayoyi a Excel na da wannan ɓarna. Masana ne fa, ba 'yan koyo ba! Haka aka gaji a 2020 aka canza sunayen ƙwayoyin, MARCH1 ta koma MARCHF1, kuma sai 2023 Microsoft ta sa maɓallin hana wannan katsalandan.

Ita kuwa manhajar Jupyter, wadda Fernando Pérez ya aza tubalinta a 2001, ta karɓu wurin masu nazarin bayanai ne don an gina ta kan yadda suke aiki: bayani da lissafi da zane duk a shafi ɗaya. Sai dai tana barin mutum ya kunna akwatunan umarni yadda ya ga dama, na tara kafin na uku. A 2019 an sake kunna dubban ɗaruruwan littattafan aikin Jupyter daga dandalin GitHub. Kusan kwata ne suka kai ƙarshe ba kuskure, kuma kimanin kashi 4 cikin 100 kaɗai suka maimaita sakamakonsu na farko. Za a ce ai sakacin masu su ne. Da gaskiya a ciki, amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. An yi tunanin mai rubutawa, an manta da abokin aikinsa da zai buɗe littafin bayan wata uku.

Don haka mai ƙira ya bar kujerarsa, ya zauna kusa da mai aikin, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ga inda yake dakatawa yana sosa kai. Ya sa gargaɗi in an tsallake akwati. Kada manhaja ta taɓa abin da aka rubuta sai da izini. Kai kuma mai nazari, kafin ka tura wa kowa littafinka, goge sakamakon duka, ka sake kunna shi tun daga akwatin farko har na ƙarshe.